Wai za a biya mu don mu bar dajin yamma a tsaye

Murtala: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar manya da masana. Ranar Laraba wasu mutum uku sun sauka a ƙofar gidan hakimi, biyu daga Abuja, ɗaya ɗan jihar nan ne mai yi musu tafinta. Maganarsu a kan dajinmu na yamma ce, daga bakin fadama har gindin dutse. Wai kamfaninsu zai riƙa biyan gari kuɗi duk shekara har shekara 30, muddin aka daina sara da gawayi da cinna wuta. Sun kira abin kuɗin kabon. Sun bar takarda shafi 14 da Turanci, za su dawo bayan sati biyu a sa hannu. Ni aka miƙa wa saboda ni ne malamin makaranta, kuma wallahi na karanta sau uku, abin da na fahimta bai cika cokali ba.

Lawali: To fa, MMM ta dawo da sabuwar riga. Mutum ya taso tun daga Abuja ya ba ka kuɗi don ka naɗe hannu ka zauna? Ruwa ba ya tsami banza.

Injiniya Bashir: Lawali, rage saurin yanke hukunci. Harka ce sananniya, tun yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 ake yinta, ta Faris ta 2015 ma ta ba ta gurbi. Masana'antu da jiragen sama suna fitar da hayaƙi mai iskar kabon, ita ke ɗumama duniya. Itace kuwa shanye ta yake yi, ya ajiye a gungume da rassa da saiwa. In an sare an ƙona, ta koma sama. To kamfanin da ya kasa rage hayaƙinsa sai ya biya wanda zai tsare daji, a ba shi takardar shaida. Tan ɗaya na iskar, takarda ɗaya. Dala ce ke neman shigowa ƙasar Gummi, kada mu kore ta da bakinmu.

Lawali: Na gane yanzu. Shi ya yi ɓarna a Jamus, mu mu yi masa kaffara a nan.

Hajiya Rabi: Kai Lawali, Allah ya shirye ka. Amma dai ka faɗi gaskiya.

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam Murtala, ka yi daidai da ka kawo maganar nan kafin a sa hannu. Bayanin Injiniya haka yake, amma rabi ne. Ni fannin daji nake koyarwa, bari in ƙarasa ɗaya rabin.

Ba a biyan ku don yawan itatuwan da ke tsaye. Ana biya ne a kan bambanci tsakanin abin da zai salwanta da ba a yi shirin ba, da abin da ya rage bayan an yi. Wato sai kamfani ya zauna ya ƙiyasta cewa da ba mu zo ba, da mutanen nan sun cinye kaza daga dajin cikin shekara goma. Duk yadda ya kumbura wannan ƙiyasi, haka takardun da zai sayar suke ƙaruwa. A nan ne kura take. A Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka fitar da bincike cewa sama da kashi 90 cikin 100 na takardun kare daji da Verra, babbar hukumar tantancewa, ta amince da su ba su rage hayaƙin da aka ce sun rage ba. Verra ta musanta, amma kasuwar ta girgiza, farashi ya faɗi. A shekarar ce kuma babban shirin Kariba na Zimbabuwe ya shiga rikici a kan irin wannan kumbura lissafi.

Sannan mu san dajinmu. Namu na ƙirya da marke da sabara ne, ba irin na Kuros Riba ba ne inda Najeriya ta fara gwajin wannan tsari, inda rana ba ta taɓa ƙasa. Busasshen itace kusan rabinsa kabon ne, kowane tan na kabon kuma daidai yake da tan 3.67 na iskar, to ku kwatanta nauyin itacen hekta ɗaya a nan da na can. Farashin irin wannan takarda sau da yawa bai kai dala 10 ba. Daga ciki za a biya masu awo, masu tantancewa, da dillalai. Ba na cewa babu kuɗi, ina cewa kada kowa ya fara zancen kujerar Makka.

Injiniya Bashir: Dakta, ko naira dubu ce ai ta fi babu. Yanzu nawa dajin yake kawo wa gari? Ko sisi.

Hajiya Rabi: Ko sisi? Bashir, ashe zaman Abuja ya sa ka manta da abin da ya biya maka kuɗin makaranta. Innarka da ni tare muke fita tun asuba tsintar kaɗanya da damina ta faɗi, mu dafa, mu shanya, mu daka, mu kai man kaɗe kasuwa. Kalwar da ake daddawa daga wace ɗorawa take fitowa? Kukar miya, tsamiya, saiwar magani in yaro ya kwana da zazzaɓi, itacen girki fa? Don ba a rubuta shi a takarda ba shi ne ko sisi? Murtala ɗana, duba min takardar nan, me ta ce a kan mata masu shiga daji?

Injiniya Bashir: Tuba nake, Hajiya. Ba haka nake nufi ba.

Murtala: Hajiya, na duba. Shafi na 6 ya ce ba sara, ba kiwo, ba ɗibar wani abu daga dajin sai da izinin kwamitin gudanarwa. Ba a ambaci mata ba, ba a kuma faɗi wanda zai naɗa kwamitin ba.

Hajiya Rabi: To ka ji. Sai na nemi izini kafin in tsinci kaɗanyar da kakata ta tsinta.

Buba: Salamu alaikum. Ni ɗan Arɗo ne, yawancinku kun san ni. Kalmar nan ta ba kiwo ita ta tashe ni zaune. Burtalin da muke bi zuwa mashaya ta tsakiyar dajin nan ya ratsa. Na gabas an nome shi tun ina yaro, na kudu ma haka. In aka rufe wannan, shanu ta ina za su bi? Ta gonaki. Kuma duk wanda ke cikin zauren nan ya san yadda fitinar da muke ciki ta faro a jihar nan, ba sai na tuna wa kowa ba. Baƙin nan sun je gidan hakimi, ba wanda ya zo ruga ya ce wa Baffa ci kanka.

Dakta Hadiza: Buba, tsoronka yana da tushe. A arewacin Kenya an yi wani babban shirin kabon a filayen kiwo, manyan kamfanoni irin Netflix da Meta sun sayi takardunsa. Makiyaya da yawa sun koka cewa an canja musu tsarin kiwo ba tare da an nemi yardarsu yadda ya kamata ba. A Janairun 2025 wata kotu a Isiolo ta yanke cewa biyu daga cikin yankunan da ƙungiyar da ke gudanar da shirin ta keɓe ba bisa ƙa'ida aka kafa su ba. Shirin da ya tsallake makiyayi, ko a Kenya bai zauna lafiya ba, balle a Zamfara.

Baba Ɗanjuma: Jikana ka rubuta mini, ni ka faɗi. Na yi aikin malamin daji sama da shekara 30 kahin in aje. Lokacin da munka fara, wanga daji na yamma in ka shiga da hantsi sai ka ɗauka magariba ta yi. Madobiya, maɗaci, ƙirya wadda mutum biyu ba su rungume ta. Muna da keke, muna da littahin tara, kuma talakka na tsoron hular malamin daji.

Ku tambaye ni wa ya cinye shi. Ba mata masu tsintar ƙirare ba ne, ba kuma sandar Bahillace ba ce. Rana ɗaya anka zo da takarda daga sama, anka yanka wa wani babban mutum gona cikin gandu, nan da nan na biyu ya biyo. Na kama mota shaƙe da gumagumai, na kai rahoto, kahin in koma gida motar ta riga ni hita, ni kuma anka yi mini canjin wurin aiki. Daga baya masu injin yanka sunka zo neman madobiya, wai ƙasar Sin aka kai ta, cikin rani biyu sunka share ta. To ina tambaya, wagga takarda ta kabon, tana hana babban mutum? Ko talakka kaɗai taka hanawa? In talakka kaɗai ne, mun taɓa ganin irinta.

Lawali: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ka gama magana.

Baba Ɗanjuma: Ban gama ba, kai ma ina zuwa kanka. Buhun gawayi nawa ka loda wanga wata?

Lawali: Baba, a rufa asiri! To tunda an zo kaina, bari in faɗi tawa. Ni dillalin gawayi ne, ban ɓoye ba. Yara tara ke ci a ƙarƙashin sana'ar nan, masu sara da masu turarawa da masu lodi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, matan Gusau da Sakkwato da suka saba da gas da yawa sun koma kurfoti. Ni ban ƙirƙiro masu saye ba. In kun rufe dajin yamma, wallahi ba zan yi muku ƙarya ba, gaba zan matsa, in saya a dajin maƙwabta. Tukunya dai sai ta tafasa.

Dakta Hadiza: Lawali ya faɗi abin da masana ke cika takardu a kansa. In sara ya tashi daga nan ya koma can, duniya ba ta ƙaru da komai ba, kamfani kuwa ya riga ya sayar da takardarsa. Shiri na gaskiya dole ya zo da abin da yaran nan tara za su koma yi, da murhu mai rage cin itace, da fili da aka ware don shuka itacen wuta.

Sama'ila: Duk kun bar babbar magana. Wa ke da dajin a yau? Ni dai rabona da wuce gindin dutse shekara huɗu ke nan. Gonar mahaifina da ke can ta koma kurmi, sabara ta fi ni tsawo, ba don kabon ba, don tsoro. Masu awon nan da wa za su shiga?

Injiniya Bashir: Ai yanzu da tauraron ɗan'adam ake yi, daga sama ake ganin komai.

Dakta Hadiza: Tauraro yana nuna inda ke da duhuwa, amma dole mutum ya shiga da igiyar awo ya auna kaurin itace a wuraren da aka zaɓa, kuma a maimaita bayan 'yan shekaru. Maganar Sama'ila ta ma tono wani abu: in tsoron 'yan bindiga ya riga ya hana sara a can ciki, me kamfanin zai ce shi ya hana?

Sama'ila: Kuma abin da ya fi damuna, duk kuɗin da ya shigo gari ba ya kwana labarinsa bai isa daji ba. Garuruwa nawa aka ɗora wa harajin noma da na girbi a jihar nan? Ranar da aka ji a rediyo cewa ana biyan mu dala saboda daji, a daren za a aiko mana da namu lissafin. Su ce ai su ke gadinsa.

Barista Sanusi: Na shigo a makare, ina kotu. Malam Murtala ya turo min hotunan takardar, na karanta. Abu uku zan faɗa, na farkon ya fi nauyi.

A dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izininsu na gargajiya. In wani sashe na dajin nan gandu ne da aka yi wa rajista, to na gwamnatin jiha ne kai tsaye. Sa hannun hakimi shi kaɗai ba zai ba kamfani abin da yake nema ba, amma zai iya ɗaure ku. Gobe in kuɗi ya fito, wata takarda za ta iya ɓullowa daga sama, irin wadda Baba ya ba mu labari, a ce kabon na mai ƙasa ne.

Na biyu, shafi na 9 ya ce gari zai samu kashi 30 cikin 100 na ribar da ta rage bayan an cire kuɗin gudanarwa. Kamfanin ne kuma zai faɗi nawa ya kashe. Kashi 30 na abin da ya rage zai iya zama kashi 30 na babu. A Kenya, bayan sun sha wuya, sun gyara dokarsu a 2023, suka ce irin wannan shiri da ake yi a kan filaye ya ba al'umma aƙalla kashi 40. Mu muna da dokar sauyin yanayi ta 2021 da majalisar da ta kafa, to ya kamata su nuna mana shaidar cewa hukuma ta san da su.

Na uku, shafi na 11: in daji ya ƙone, za a dakatar da biya, har a iya neman gari ya mayar da abin da ya karɓa. Wace kaka ce ta wuce wuta ba ta ci dajin nan ba? Mai farautar gafiya ɗaya ya isa ya jawo mana bashi.

Ku tuna, a 2023 wani kamfanin Dubai mai suna Blue Carbon ya nemi kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar Laberiya na shekara 30 a kan wannan harka, mutanen da ke zaune a dazukan ba su sani ba sai da labari ya fasu. In ana yi wa ƙasa guda haka, ina ga ƙauye.

Injiniya Bashir: Barista, na yarda takardar nan tana da ramuka. Amma ina jin tsoron halinmu na Arewa, komai ya zo mu ce makirci ne, wasu su kwashe, mu dawo muna kuka an bar mu a baya. Hamada tana matsowa, shi ya sa Zamfara da Kebbi suke cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa. Ɗan Najeriya hayaƙinsa bai kai tan ɗaya a shekara ba, Ba'amurke ya haura 10. Su suka ɓata, mu ke shan zafi da ambaliya. In za su biya, hakkinmu ne, ba sadaka ba.

Barista Sanusi: Ban ce a kore su ba. Na ce kada a sa hannu a kan wannan.

Murtala: Malam Nasiru, muna ganin ka kana karantawa. Tun jiya dattawa ke tambayata ko halal ne a sayar da iska.

Malam Nasiru: Na so in ji bayanin masana tukuna. A fahimtata ba iska ake sayarwa ba, aiki ne ake biya, tsaron daji da rainonsa, kuma karɓar lada a kan aiki sananne halal ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce gare shi. Keɓe wuri don amfanin jama'a ma yana da asali, Sayyidina Umar ya yi. Sai dai ya umarci mai gadin wurin ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya hana garken attajirai. Ku duba ku gani ko takardar nan ba ta juya abin ba. Inda nake da damuwa shi ne jahiltar lada, ba a san nawa ba, ba a san yaushe ba, wannan garari ne. Sannan dajin hakkin mutane da yawa ne, har da marayu da waɗanda ba a haifa ba, mutum ɗaya ba zai ɗaure su shekara 30 ba tare da shawara ba. Allah ne mafi sani.

Alhaji Mamman: Ni ba ɗan boko ba ne, fatauci nake yi zuwa Maraɗi. Abin da idona ya gani zan faɗa. Can in manomi zai yi sharar gona ba ya tumɓuke kututture. Sai ya tsuguna ya duba tohon da ya fito, ya zaɓi uku ko biyar masu ƙarfi, ya sare sauran, ya ɗaure jan ƙyalle a jiki don kowa ya san mai shi na so. Sassaben zamani suke ce masa. Wani abokin cinikina ya zaga da ni gonarsa, gawo da kalgo reras, gero a ƙarƙashin gawo ya fi na fili kai. Matarsa ba ta zuwa ko'ina neman itace, daga sassabe take girki, har ta sayar. Na tambaye shi wa ya biya shi, ya yi dariya, ya ce ranar da aka bar masa itacen ya zama nasa, ranar ya fara raino.

Dakta Hadiza: Alhaji, ka kawo mu inda nake so. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa wannan dabara a yankin Maraɗi a 1983, yanzu ana ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar. Ita aka ɗauka zuwa Humbo a Habasha, hekta kusan 2,700 na tsaunin da ya zama ƙeƙasasshe. Kafin komai sai da aka ba ƙungiyoyin manoman wurin takardar hakkin amfani da dajin. Daga baya Bankin Duniya ya sayi kabon ɗin, kuɗin suka shiga rumbunan hatsi da injin niƙa. Su kansu sun fi ƙaruwa da ciyawa da itace, kuɗin kabon ƙari ne. Da ni za a bi, a fara da gonakinmu da ke kusa da gari, inda kowa ya san iyakarsa, inda mai awo zai je ya dawo lafiya.

Baba Ɗanjuma: Ɗiyata, wanga shi ne magana. Kututturan nan suna nan da rai ƙarƙashin ƙasa, na san wurinsu ɗaya ɗaya. In ana so in nuna ma yara yadda aka sassabe, ƙahwata na iya kai ni bakin fadama.

Buba: In burtali zai fito a rubuce da faɗinsa, da alama a ƙasa, Baffa zai zo zaman. Mu ma sassaben gawo muna so, 'ya'yansa abincin dabba ne da rani.

Hajiya Rabi: Kuma a fassara takardar da Hausa a karanta a bainar jama'a. Mata biyu a kwamiti, ba 'yan rakiya ba.

Murtala: Na gode ƙwarai. Na je wurin hakimi bayan la'asar na karanta masa duk abin da aka faɗa. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an zauna, ranar Juma'a bayan an sauko, a makarantarmu. Wani abu kuma: tafintan nan ya kira ni ɗazu, ya ce in na taimaka aka gama da wuri akwai ɗan goro da aka ware min. Da na ce lauya zai duba, sai ya tambaye ni wane lauya, kuma wa ya ce a kai masa.

Barista Sanusi: Ba shi lambata. Ka ce ya zo da takardar rajistar kamfanin, da sunan hukumar da za ta tantance, da wurin da suka taɓa yin irin wannan aiki, mu kira mutanen can mu ji daga bakinsu. Zan taso daga Gusau da safe in hanya ta yi kyau.

Lawali: Ni ma zan zo. Amma a ajiye ni nesa da Baba.

Baba Ɗanjuma: Kusa da ni zaka zama. Ka taho da yaran nan naka tara, da gatarinsu.